Littafi ya ce kaza, gwanjo ya ce kaza, to wanne ne kuɗin tsabar?

Wani ɗan'uwa ne ya turo min wannan tambaya: "Malam, ina duba littafin farashin tsofaffin tsabar kuɗi sai in ga an rubuta kuɗin wata kaza, can kuma sai in ji labari an sayar da ita a gwanjo ninki biyu ko uku, wata kuma ko kusa da abin da littafi ya faɗa ba ta kai ba. Wa ke mana ƙarya, masu littafi ko masu gwanjo? Kuma in mutum na da irin wannan kaya da wanne zai yi lissafi?"

To ɗan'uwa, a gaskiya babu mai yi maka ƙarya a cikinsu, abin da ya faru kawai kana tambayar littafin abin da shi kansa bai sani ba ne. Na daɗe ina bin wannan harka, ina saye kaɗan kaɗan daidai aljihuna, manyan kuma ido ne nawa, kuma abu na farko da na gane shi ne littafin farashi ba ya yanka wa kasuwa kuɗi, bin bayanta yake yi yana rubuta abin da ta riga ta yi. In kaya ana cinikinsa kullum to littafi zai faɗa maka gaskiya kusan daidai. In kuwa kaya guda uku ne ko biyar a duk duniya kuma sai a shekara goma ba a fito da ɗaya ba, me mai littafin zai rubuta? Cinikin ƙarshe zai duba ya ɗan ƙara wani abu a kai bisa hasashensa, shi kenan.

Ka ɗauki buhun masara, ko yaro ka aika kasuwa zai dawo maka da farashin yau, don ɗaruruwan mutane sun saya tun safe. Amma ka ce a faɗa maka kuɗin wani doki guda ɗaya da ya yi suna wanda manya biyu suka sa wa ido, wannan ba shi da farashi sai ranar da aka tsaya ciniki, kuma abin da aka biya ranar ba lallai a sake biyansa baɗi ba.

Bari in ɗan yi maganar littattafan kansu don ba iri ɗaya ba ne, mutane na haɗa su wuri guda. A Amurka, inda wannan kasuwa ta fi girma, akwai wanda ake kira Red Book, tun 1946 ake buga shi duk shekara, shi farashin da ɗan kasuwa zai sayar maka yake kawowa, kuma yakan fito tun farkon shekara ɗauke da lambar shekara mai zuwa, wato kafin ya iso hannunka alƙaluman sun kwana biyu. Akwai Greysheet da aka fara a 1963, wannan na 'yan kasuwa ne tsakaninsu, farashin sari. Sai kuma kamfanonin tantancewa irin PCGS da NGC, kowanne da nasa jadawalin a intanet na kayan da shi ya tantance. Tsaba ɗaya sai ka ga lamba uku daban daban, kuma duk babu wanda ya yi kuskure, tambayar da kowanne ke amsawa ce daban. Kuma ka lura, shi Red Book in ya zo kan manyan tsabar nan da ba a samu, sau da yawa sai ya rubuta maka a ƙasa cewa an sayar da ita kaza a gwanjo kaza shekara kaza, wani wurin ma ɗan layi kawai zai ja babu lamba. Wannan layin shi ne mafi gaskiyar abin da ke shafin.

Inda littafi ke aiki sosai shi ne irin dalar azurfa ta Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904 sannan aka sake a 1921. Wasu shekarunta dubbai ne a kasuwa masu kyau tas, kullum ana saye ana sayarwa, in littafi ya ce kaza to da wuya ciniki ya kauce da nisa. Amma ko a nan an taɓa shan mamaki. Ta 1903 da aka buga a New Orleans, farkon shekarun 1960 littafi na sa wa sabuwarta dala 1,500 don kowa ya ɗauka an narkar da kusan duka, sai a ƙarshen 1962 baitulmalin Amurka ya buɗe rumbu aka tarar da buhunanta jibge, nan take ta faɗo ko dala 50 ba ta kai ba. Littafin yana nan a kan kanta da 1,500 ɗinsa.

Yanzu mu zo kan manyan, nan ne labarin yake.

Dalar azurfa ta 1794, ita ce dalar farko da gwamnatin Amurka ta buga, guda 1,758 aka fitar. Akwai ɗaya a cikinsu da ta fi sauran kyau nesa ba kusa ba, har wasu masana na ganin mai yiwuwa ita ce ta farko da ta fito daga injin. A 2010 an sayar da ita hannu da hannu dala miliyan 7.85. A Janairun 2013 aka kawo ta gwanjon Stack's Bowers, ana tayi ana tayi an kai wajen miliyan biyar da rabi, sai masu saye na kamfanin Legend suka yi tsalle kai tsaye suka ce 8,525,000. Ka lissafa da la'adar gidan gwanjo ta kashi 17.5 cikin ɗari, zai ba ka 10,016,875 cif, wato an zaɓi lambar ne don ta haye miliyan goma, ta zama tsaba ta farko da ta taɓa kai haka. To ka gaya min, menene kuɗin wannan dala a wannan dare? Miliyan goma da jaridu suka buga, ko inda na biyu ya tsaya? Mai littafi dai dole miliyan goma zai ɗauka don shi ne a rubuce. A Oktoban 2020 mai ita ya sake fito da ita gwanjo a Las Vegas, ba a kai abin da yake so ba, ya ce albarka, ta koma gida. Farkon 2022 kuma aka ji an sayar da ita hannu da hannu miliyan 12. Tsaba ɗaya ce fa, ba ta ƙara kyau ba ba ta rage ba, masu kuɗin da ke wurin ne ke canzawa.

Wadda ta fi koya min darasi ita ce dalar 1804, wadda suke wa kirari da sarkin tsabar Amurka, guda 16 aka sani. Abin dariya ma ba a 1804 aka buga ta ba, sai wajen 1834 aka buga na farkon don a kai wa sarakunan gabas kyauta, ɗaya aka kai wa Sarkin Maskat na Oman, Sa'id bin Sultan, a 1835, kuma ita ce mafi kyau a cikinsu duka. A 1999 iyalan Pogue na Texas suka saye ta dala miliyan 4.14, a lokacin babu tsabar da ta taɓa kai haka. A Mayun 2016 suka kawo ta gwanjo, tayi ya haura miliyan 9 tun kafin a sa la'ada, suka ƙi sallamawa don akwai kuɗin da suka ajiye a ransu wanda in ba a kai ba ba ciniki. Shekara biyar bayan haka, Agustan 2021, aka sayar da ita miliyan 7.68 har da la'ada, wato guduma ta faɗi a kan miliyan 6.4. Kai ka duba tazarar. Kuma a wancan gwanjon na 2016 akwai wata tsabar zinare ta dala biyar ta 1822 da ita ma aka ƙi sallamawa, ita guda uku ce kacal a duniya, biyu suna gidan tarihi na Smithsonian ba za su taɓa fitowa ba, ita kuma da aka dawo da ita a Maris 2021 sai ta yi miliyan 8.4, sama da abin da aka taya a baya. Gida ɗaya, dare ɗaya aka ƙi sayar da su, ɗaya haƙuri ya biya ɗaya bai biya ba. Wane littafi ne zai iya hango maka wannan?

Shi ya sa nake cewa farashin gwanjo na irin wannan kaya ba mutum ɗaya ke yin sa ba kuma ba kasuwa gaba ɗaya ba ce, mutum biyu ne. Wanda ya saya da wanda ya sha kaye. Na biyun ma ya fi muhimmanci, don shi ke tura farashi sama, in ya janye da wuri na farko zai ɗauka da araha ko da a shirye yake ya biya ninki biyu. Masu iya fitar da miliyan biyar kan tsaba ɗaya kuma suna sonta ba su da yawa, 'yan kasuwar ma sun san su da suna. In ɗaya ya riga ya mallaki irinta, ɗaya kuɗinsa sun maƙale a wani wuri, ɗaya ya rasu 'ya'yansa ba ruwansu da tsaba, to ranar kaya zai kwanta. In kuma aka yi dace biyu suka haɗu kowa na neman cike gurbi ɗaya da ya rage masa a tarinsa, sai ka ga abin da hankali ba zai ɗauka ba. Akwai sisin tagulla, wato santi ɗaya na 1943 da aka buga a Denver bisa kuskure, shekarar da ake buga su da ƙarfe saboda yaƙi ya cinye tagulla, guda ɗaya tak aka sani. A 2010 wani attajiri ya biya dala miliyan 1.7 hannu da hannu don ita ce ta rage masa. Da aka kawo ta gwanjon Heritage a Janairun 2021 dala 840,000 ta yi, rabi kenan ko ƙasa. Dalili a fili yake, mutumin da ya fi kowa sonta a duniya yanzu shi ne mai sayarwa.

Sannan maganar la'ada, wannan mutane da yawa ba sa lura. Lambar da kake gani a labarai ba ita ce ta shiga aljihun mai kaya ba. Gidan gwanjo na ɗora wa mai saye kaso a kan inda guduma ta faɗi, a shekarun 1990 kashi 10 ne, ya koma 15, ya koma 17.5, a 2017 ya kai 20. Tsabar zinaren da maƙerin nan Ephraim Brasher, maƙwabcin George Washington a Niyok, ya buga a 1787, da aka ce ta yi miliyan 9.36 a 2021, tayin miliyan 7.8 ne, sauran la'ada ce. Shi ma mai kaya akwai nasa kason da ake cirewa, duk da dai in kayanka babba ne gidajen gwanjo su ke zawarcinka, za su yafe maka naka har su ɗan tsakuro maka daga na mai saye. Amma ƙaramin mutum irina da kai ba mu da wannan gatan. To in littafi ya ce kayanka ya kai ɗari, a ranka ka sa saba'in zuwa tamanin, in an yi sa'a.

Ni kaina na taɓa ƙona hannuna a nan. Wani dare na zauna gaban kwamfuta ina bin gwanjon wani gida a Turai, akwai dirhamin azurfa na zamanin Abbasiyawa da ya shiga raina, rubutun ya fito raɗau har gefe ana karantawa, na duba abin da ire-irensa suka yi a baya na yanka wa kaina iyaka na rubuta a takarda na ajiye gefen kofin shayi. Da aka zo kansa sai ga wani ya maƙale min, in ƙara ya ƙara, in ƙara ya ƙara, agogon allo na ƙirga daƙiƙa, takardar tana gabana ina kallonta amma yatsana bai ji magana ba, sau huɗu na danna bayan na wuce iyakar. Na samu dai. Da takardar biya ta zo aka ɗora la'ada da kuɗin aikowa da na inshora da abin da banki ya ci wajen canji, sai na ga na biya kusan ninki biyu na abin da na rubuta. Kuma abin haushin, wannan cinikin nawa yanzu ya shiga tarihin farashi, wani zai zo ya duba ya ce ai irin wannan dirhami kaza yake yi, alhali taurin kaina ne da na wani bawan Allah da ban taɓa gani ba. Ka ninka wannan sau dubu ɗari, shi ne abin da ke faruwa a saman.

Wani abu kuma da littafi ba ya iya kamawa shi ne kyau. Ana ba tsaba maki daga 1 zuwa 70, ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, kamfanin PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987 su ke dubawa su rufe ta cikin kwanson roba da makin a jiki. Littafi layi ɗaya yake ba kowane maki. Amma tsaba biyu masu maki 65 in ka ajiye su a tafin hannu za ka ga ɗaya na walƙiya ɗaya ta dushe, ido ba mudu ba amma ya san ƙima. Har ta kai a 2007 aka kafa wani kamfanin, CAC, aikinsa a lokacin kawai ya sake duba wadda aka riga aka tantance ya manna mata ɗan koren tambari in ta cika makinta da kyau, kuma wannan ɗan tambarin kaɗai na ƙara kuɗi. A can ƙololuwa kuma maki ɗaya tak na iya ninka farashi sau da yawa, musamman tunda aka fara gasar nan ta intanet inda masu tari ke jera kayansu a ga wa ya fi kowa maki. In tsaba ita kaɗai ce a makinta babu ta sama da ita, to littafi hasashe yake yi zalla.

Sai asali, wato hannun wa da wa ta bi, kamar dai yadda malaman hadisi ke bin isnadi. Kuma nan ne labarin tsabar da ta fi kowace tsada ya shigo, zinaren dala ashirin na 1933. An buga 445,500, amma kafin a sake su shugaba Roosevelt ya hana riƙe zinare aka narkar da su, 'yan kaɗan suka sulale ta bayan gida, gwamnati ta bi ta ƙwace. Ɗaya ta tsira don Sarki Faruk na Masar ya saye ta a 1944 kuma aka yi kuskuren ba shi takardar izinin fitar da ita. Bayan an kifar da shi aka sa ta cikin gwanjon kayansa a Alƙahira a 1954, Amurka ta nemi a cire, aka cire, ta ɓace sama da shekara arba'in sai a 1996 ta ɓulla hannun wani dillali ɗan Ingila a Niyok, aka kama shi, aka yi ta shari'a, ƙarshe aka sasanta a sayar a raba kuɗin. A Yulin 2002 ta yi dala 7,590,020, wannan ashirin ɗin ta ƙarshe gwamnati aka biya don tsabar ta zama halastaccen kuɗi. A Yunin 2021 mai ita, Stuart Weitzman mai sana'ar takalma, ya kawo ta Sotheby's, gidan ya ƙiyasta miliyan 10 zuwa 15, ta tashi a 18,872,250. Zinaren da ke jikinta ko oza ɗaya bai cika ba. To ga inda nake so ka gani, wani iyali a Filadalfiya sun tsinci irinta har guda goma a akwatin banki na kakansu, suka kai wa gidan buga kuɗi a 2004 a tantance, gwamnati ta riƙe, aka yi shari'a sama da shekara goma suka faɗi, ko sisi ba su samu ba. Zinare ɗaya, shekara ɗaya, inji ɗaya. Ɗaya miliyan 18, goma sifili, bambancin takarda ce kawai.

Akasin haka ma ya faru. Tsabar zinaren da Brutus na zamanin Rumawa ya buga don murnar kashe Yuliyas Kaisar, an ƙiyasta ta fam 500,000 a wani gidan gwanjo a Landan a 2020, ta yi fam miliyan 3.24, daga baya aka gano takardun asalinta na jabu ne, a 2023 hukumomin Niyok suka mayar da ita Girka. Amma farashin yana nan a rubuce cikin tarihi kamar ciniki lafiyayye.

Tunda na ambaci ƙiyasi, kar ka haɗa ƙiyasin gidan gwanjo da farashin littafi, shi ƙiyasi ƙugiya ce, sukan sa shi ƙasa da gangan don mutane su shigo da zaton araha, in an shiga kuma fita wuya, ni shaida ne. Saboda haka in ka ji an ce kaya ya ninka ƙiyasi sau shida ba lallai wani abin al'ajabi ne ya faru ba. Amma wani lokacin su ma da gaske ba su sani ba. Misalin da na fi so shi ne dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan hijira, wajen 723 kenan, wanda aka rubuta a jikinsa cewa zinarensa daga ma'adinin Amirul Muminina ne a Hijaz. Dinarin Umayyawa na yau da kullum, giram huɗu da kwata na zinare, ana samunsa, mai matsakaicin hali ma zai iya saye. Wannan kuwa saboda 'yan kalmomin nan da suka ambaci Hijaz, kuma bai wuce kamar dozin ɗaya aka sani ba, da gidan gwanjon Morton & Eden suka kawo ɗaya a Landan a 2011 ƙiyasinsu ko rabin miliyan bai kai ba, ya tashi a fam miliyan 3.72. A 2019 suka sake kawo wani irinsa, wannan karon sun koyi darasi suka sa wajen miliyan ɗaya da rabi, ya sake yin 3.72 daidai wa daida. Shekara takwas farashi bai motsa ba a lamba, in ka sa faɗuwar darajar kuɗi ma ya ragu ne. Amma aƙalla yanzu akwai ciniki biyu da suka yi shaida wa juna, kuma a wannan duniyar ta kayan da ba a samu, ciniki biyu ma arziki ne.

To da wanne za ka yi lissafi? In kayanka irin wanda ake samu ne, littafi ya ishe ka, ka duba na sari ba na kanti ba in sayarwa za ka yi. In ya fara wuya, ka bar littafi ka je rumbun cinikin baya, Heritage da PCGS duk suna da shi a intanet, na tsofaffin kuɗin Musulunci da na Rumawa kuma akwai acsearch da CoinArchives, ka nemi irinsa sak, maki ɗaya, kamfanin tantancewa ɗaya, ka kalli hotunan da idonka, ka duba shekarar da aka yi cinikin don kasuwar na hawa da sauka, an yi tashin 1980 da na 1989 duk suka rushe, an yi na lokacin korona. In ka ga ciniki biyar huɗu sun yi kusa ɗaya ya yi tsalle, ka jefar da mai tsallen, taurin kan wasu ne. Kuma ka fi yarda da gwanjon fili a kan cinikin hannu da hannu, don shi na hannu abin da masu shi suka ga dama suka faɗa ne, wani lokacin ma musayar kaya ce aka yi wa lamba. Nikel ɗin 1913, wato tsabar santi biyar ta Amurka, mai kan Liberty, guda biyar ne, mafi kyawunsa shi ya fara haye miliyan a 1996 da dala 1,485,000, a 2007 aka ce an saye shi miliyan 5 hannu da hannu, da ya fito fili a 2018 miliyan 4.56 ya yi har da la'ada.

Ɓangaren ƙarshe na tambayarka, in mutum na da irin wannan kaya, shi ne ya sa na ɗan yi murmushi, don kusan duk wanda ya yi min wannan tambaya akwai abin da ya ɓoye a ƙasan akwati. Kwanaki wani dattijo ya zo min da kwabo mai huji naɗe cikin leda cikin ƙyalle, na 1936, ga tauraro mai tsini shida a baya ga ɗan rubutun Larabci, a jiki an rubuta sunan Edward na takwas. Jikansa ya karanta masa a waya cewa tsabar wannan sarki ta yi fam miliyan ɗaya. Kuma gaskiya ne, an sayar da zinarensa haka a 2020, don ya hau mulki a Janairu ya yi murabus a Disamba na 1936 kafin a saki kuɗi mai hotonsa a Ingila, 'yan gwaji kawai suka rage. Amma mu nan Afirka ta Yamma kwabonmu da aninmu huji gare su babu wurin hoto, suna kawai ake sawa, saboda haka aka buga miliyoyi da sunansa aka zubo mana, har yau 'yan daloli ake sayar da shi. Haka azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza da ta yi yawo a Borno da ƙasar Hausa, kowace ka ɗauka 1780 ne a jiki, mutum ya ga kamar ya tsinci dami a kala, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har ɗaruruwan miliyoyi, kuɗinta kuɗin azurfarta ne, giram 28 da ba ta cika tsantsa ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Na buɗe wa dattijon shafin da ake sayar da irin kwabon nasa na nuna masa, ya daɗe yana kallo, ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido ya sake dubawa, sannan ya ce to ai dama na mahaifinsa ne ba sayarwa zai yi ba, tambaya kawai ya zo yi. Ya mayar cikin ƙyalle, ya mayar cikin leda, ya ɗaure bakin ya sa a aljihun gaba.